Hukuncin Wanda Ya Sauya Wa Babur Inji Ana Gobe Tsere

Akwai wata tambaya da ta daɗe tana yawo a majalisun 'yan acaɓa da rumfunan kanikawa daga Birnin Kudu har Gwaram, kuma tunda manya sun ƙi cewa uffan, dole wani ya ɗauki nauyin amsa ta. Mutum ne ya shiga tsere da babur, an rubuta 125 ɓaro-ɓaro a jikin murfinsa, amma abin da ke ɗaure a ƙarƙashin tanki 150 ne. Ya riga kowa isa. Ya ci, ko bai ci ba?

Kafin a yanke hukunci sai an san irin tseren da ake magana a kai, domin a nan ba a ɗaga tuta, ba a busa usur. Tsere yakan fara ne idan samari biyu suka taso daga Kwanar Babaldu a lokaci guda, suka haɗa ido, babu wanda ya yi wa ɗan'uwansa sallama. Akwai kuma na ranar kai amarya, wanda shi ne babbar gasa: a tashi a matsayin 'yan rakiya, a isa a matsayin na ɗaya da na biyu da wanda har yanzu ake jira. Ba a sanar da wurin ƙarewa tun farko. Duk inda na gaba ya tsaya nan ne ƙarshe, shi ya sa na baya yakan wuce shi a guje, ya tsaya gaba kaɗan, ya ce ai nan aka ce. Kundin dokokin gasar yana nan daram, sai dai ba a rubuce yake ba, kuma wanda aka kayar shi ke da ikon yi masa gyaran fuska bayan an gama. Mutanen da suka bar mana zanen shanu a Dutsen Habude da Dutsen Mesa tun zamanin da, su ma da suka zo kan wannan batu sai suka ajiye abin zanen.

A ƙasashen da suka ɗauki tsere da muhimmanci an daɗe da gano cewa idan aka bar kowa ya zo da abin da ya ga dama, mai kuɗi ne zai ci, shi kuwa ba sai an ƙona fetur kafin a gane shi ba. Don haka aka raba motoci da babura aji-aji. Hukumar tseren motoci ta duniya, FIA, wadda aka kafa a Faris a 1904, ta ɗora dokokinta na motocin da aka ɗauko daga kasuwa a kan ƙa'ida guda: duk gyaran da littafi bai ce an yarda da shi ba, an hana shi. Shirun littafi ba izini ba ne. Ƙungiyar SCCA ta Amurka, wadda aka kafa a 1944, kuma take haɗa wa ma'aikata da 'yan fansho tseren ƙarshen mako, ita ma a kan haka take. Tun daga nan muka raba hanya da su. Tamu ƙa'idar ita ce duk gyaran da ba a gani ba ya halatta, wanda aka gani kuma haka aka sayo shi.

Yanzu sai a fahimci mece ce 125 ɗin da ake ta rantse-rantse a kanta. Awon cikin silinda ne, wato yawan wurin da fistin yake sharewa daga inda ya sauka zuwa inda ya hau. Injin Honda CG125, wanda ya fito a tsakiyar shekarun 1970, kuma kamfanonin ƙasar Sin suka kwaikwaye shi har ya cika hanyoyinmu da sunaye iri-iri, silindarsa tana da faɗin milimita 56.5, fistin kuma yana tafiyar milimita 49.5. In aka buga lissafi sai a sami 124, aka cika masa ɗaya saboda mutunci. Ɗan'uwansa na 150 tafiyar fistin ɗinsu ɗaya ce, faɗin silinda ne kawai ya koma milimita 62, lissafi ya ba da 149, shi ma aka cika masa. Bambancin duka 25 ne, cokalin shayi biyar ke nan na iska da fetur. A kan cokali biyar ɗin nan an daina gaisawa, an fita daga adashi, an ƙi zuwa ɗaurin aure.

Daga waje kuwa da wuya ka rabe su. Bakanike zai cire kan inji, ya zare silinda da fistin, ya sa manyan, ya ɗan buɗe wa kafireto maƙogwaro, ya mayar da murfin da aka rubuta 125, ya goge da tsumma. In kayan suna kusa, wanda ya kawo babur da hantsi zai iya tafiya da shi kafin la'asar. Masu ƙera silinda sukan zuba adadin a gindinta da ƙananan lambobi, amma wurin yana kusa da ƙasa, kuma laka da baƙin mai sun daɗe suna yi wa jama'a hidima a wannan fanni. Inda suka gaza akwai magagari.

Masana dokar tsere ba su ɗauki sauyin inji a matsayin abu guda ba. Wanda injinsa ya buga, ya je Ƙofar Ruwa a Kano ya sayo irinsa sak, ɗan Beljiyam, ya ɗaura, ya zauna a ajinsa lafiya lau. Rigima tana farawa ne idan sabon injin ɗan gida ɗaya ne da tsohon amma ya fi shi ci. A ɗauki Golf 3, wadda ta fito a 1991, shekarar da aka ƙirƙiri Jihar Jigawa. Sa'o'in juna ne, kuma har yau tare suke aiki. Volkswagen ya fitar da ita da injuna kala-kala, mai lita 1.6 da 1.8 da 2.0, har da mai silinda shida da ake kira VR6, lita 2.8, duk a cikin bodi iri ɗaya. Direban da ke lodi daga Birnin Kudu zuwa Kano zai iya dafa ƙirji ya ce bai sa wa motarsa baƙon abu ba, na gidansu ne. SCCA ta yi wa irin wannan hujja tanadi. A ajin ƙasa, na motar da ake zuwa ofis da ita, inji sai wanda kamfani ya sa wa wannan samfurin. Akwai wani aji a sama inda aka yarda a ɗauko inji daga wata shekarar ta mota iri ɗaya, muddin littafi ya jera su a layi guda, kuma a ɗauko shi ɗungurungum, kada a tsinci kai a nan gindi a can. In ka wuce haka ba za a kore ka ba, ba za a zage ka ba. Murmushi za a yi maka, a ɗaga ka zuwa ajin motocin da aka yi wa gyaran gaske, ka je ka tarar da mutanen da suka zuba kuɗin gina gida a kan motar da ko kujerar fasinja ba ta damu da ita ba.

Abin da samarinmu suka kasa ganewa ke nan. A dokar tsere sauya inji ƙarin girma ne. Laifin yana wajen a ƙara maka girma ka ƙi tashi daga tsohuwar kujerarka.

Sai kuma mas'alar da ta fi ɗaure kai: wane ne babur ɗin, shasi ko inji? Takardun gwamnati sun ƙi ɗaukar ɓangare, suka rubuta lamba biyu, ta wannan da ta wancan. A filin tsere shasi ne ke ba da suna, inji ya ba da aji. A gareji kuwa wata hanyar ake bi. Ga yadda shari'ar takan kasance a gindin darbejiya, tsakanin saurayin da aka kayar jiya da bakaniken da ke tsugune gaban babur ɗin da ya kayar da shi, yana wanke noti a cikin murfin galan:

"Oga, don Allah injin nan na babur ɗin nan ne?"

"Na wa kake so ya zama? A jikinsa ka gan shi."

"A'a, ina nufin da shi ya zo?"

"Da shi ya zo mana. Yanzun nan ya shigo da shi, kana zaune."

"Daga kamfani nake nufi, Oga."

"To ni ina kamfani a lokacin? Kai yaro, miƙo min sifana goma."

Babu ƙarya ko ɗaya a cikin wannan amsa, kuma da za a kai ta gaban alƙalan FIA sai sun nemi a ɗage zama.

Hanyar kama mai laifi a wurinmu kunne ne. A kira tsohon bakanike, ya sa a tayar da babur, ya murɗa totur sau biyu, ya karkata kai, ya runtse ido ɗaya, ya ce 150 ne. Ba a ɗaukaka ƙara a kan hukuncinsa. Matsalar kawai ita ce in shi ya ɗaura injin, a ranar kunnensa yakan yi nauyi. Samari kuma sun gano cewa in aka fasa salansa duk babura muryarsu ɗaya ce. Fasasshen salansa ba ya ƙara wani gudun kirki, amma yana rikita shaida, yana kuma tayar da jarirai, shi ya sa har yau bai fita daga yayi ba.

A ƙasashen da ke da littafin tsere kuwa da kuɗi ake yi. Mai zargi ya rubuta ƙorafi, ya ajiye kuɗin kwance inji da na mayarwa. A kwance a gaban shaidu, a auna. Idan zargi ya tabbata a mayar masa da kuɗinsa, mai injin ya kwashi kayansa a kwali. Idan bai tabbata ba kuɗin ya tafi wajen mayar wa wanda aka zarga injinsa. Tsari ne mai kyau, domin yaƙinin mutum yakan ragu da zarar an ce ya ajiye wani abu. Abin da zai hana shi tafiya a nan shi ne injin da aka kwance ba ya komawa da noti daidai. Kullum sai biyu sun yi saura, bakanike ya juya su a tafin hannu ya ce dama na ado ne. Mai gaskiya ya koma gida da wankakken suna da babur mai yoyon baƙin mai.

Kada a ɗauka masu littafi ba sa yin irin tamu. A watan Oktoban 1983, a Charlotte ta Amurka, Richard Petty, wanda mutanensa suke kira Sarki, ya ci tseren mota, nasararsa ta 198 ke nan. Da aka auna injin bayan an tashi sai aka tarar ya kai wajen 6,260 a irin awon da muka yi bayani, alhali iyakar doka kimanin 5,870 ce. Rarar kaɗai ta haura injin 125 guda uku. Aka ci shi tarar dala 35,000, aka zare masa maki 104, amma aka bar masa nasararsa. Ƙanensa Maurice, wanda shi ke haɗa masa inji, shi ya ɗauki laifin. Saboda haka duk wanda aka taɓa ce wa "wallahi ƙanena ne ya kai shi gareji" ya sani cewa hujjar tana da tarihi, kuma ta taɓa yin aiki.

Toyota kuwa a 1995 ba ta sauya inji ba, hanci ta sauya masa. Motocin gasar da take shiga suna da tabo, na'urar da ke cusa wa inji iska da ƙarfi, doka kuma ta sa a ɗaura wani zobe a bakinta don a rage iskar. Injiniyoyin Toyota suka ƙera nasu ta yadda in an ɗaure shi a mota sai wata 'yar kafa ta buɗe iska ta bi ta gefe, in an kwance don dubawa sai ta rufe ruf. A gasar Kataloniya ta ƙasar Sifen asiri ya tonu. Aka soke makinsu na shekarar, aka dakatar da su shekara guda. Wannan aiki ne na masu ilimi, kuma ana ambatarsa ne a nan don mai magagari ya san matsayinsa.

Mu ma ba baƙi ba ne wajen raba aji, dawaki sun riga babura. A filayen sukuwa irin na Kano da Katsina da Bida ana ware dawaki bisa jinsi, 'yan Arewa a nasu tseren, 'yan Sudan a nasu, manyan dawakin waje su ma daban. An yi sa'a doki ba a sauya masa inji. Abin da ake iya yi shi ne a sauya dokin gaba ɗaya a bar sunan, kuma an gwada. Ranar 18 ga Agustan 1984, a filin Eagle Farm da ke Brisbane a Ostareliya, aka shigar da wani doki da sunan Fine Cotton, wanda bai saba firgita kowa ba. Dokin da ya fito a zahiri Bold Personality ne, ɗan babban aji. Launinsu bai zo ɗaya ba, sai aka shafa masa rinin gashi, fararen ƙafafu kuma aka yi su da fenti. Ya ci da ƙyar da jiɓin goshi. Kafin a gama murna fenti ya fara zuba, 'yan kallo suka ɗauki ihu, aka soke nasarar. Bakaniken babur zai ce maka wannan ganganci ne na mai fenti. A 2016 kuma, a gasar keke ta duniya a Zolder ta Beljiyam, aka sami ƙaramin injin lantarki ɓoye a cikin bututun keken wata 'yar tsere, Femke Van den Driessche. Aka dakatar da ita shekara 6. Wannan nau'i ne na musamman, sauya babu da akwai. Ta ce keken na wani abokinta ne. Mai karatu zai lura cewa a duk faɗin duniya injin da aka kama bai taɓa zama na wanda aka kama shi da shi ba.

Da masu shirya tsere suka gaji da kwance injuna sai suka nemi hanyoyin da ba sai an ɗauki sifana ba. Ɗaya daga ciki nauyi ne. A ajin masu gyara na SCCA, gwargwadon girman injinka gwargwadon nauyin da motarka za ta kai kafin a bar ka ka shiga, in ba ta kai ba ka ɗaure mata ƙarfe. A sukuwar Turawa ma haka ake sa wa dokin da ya fi ƙarfi dalma a ƙarƙashin sirdi. Wannan tsari ya fi dacewa da mu fiye da kowa, domin kayan aikin muna da su. Mai 150 da yake son karawa da masu 125 sai ya ɗauki goyo. Mai 200 ya ɗauki goyo biyu da buhun masara daga kasuwar Sara, da akuya a kan tanki. Abin da zai ba masana wahala shi ne babur ɗin haya a ranar kasuwa dama haka yake tafiya, kuma ba a ga ya rage gudu ba.

Akwai kuma masu ɗaure inji da hatimi tun daga kamfani, kamar injin Briggs 206 da ake tseren ƙananan motoci da shi a Amurka, wanda ya tsinke hatimin ya fita daga aji. A Ingila irin waɗannan ƙananan motoci akwai masu tafiya da injin Honda GX160 ko GX200, wato dangin injin da ke jan ruwa a fadamunmu. Manomin rani a bakin kogin Gwaram yana da injin tsere a gonarsa bai sani ba, kuma ya fi kyau kada a gaya wa ɗansa.

Hanyar da ni nake ganin ta fi kowace hikima ita ce ciniki. A Finlan akwai tseren talakawa da suke kira jokkis, a Suwidin kuma folkrace. Dokarsa ita ce duk motar da ta shiga fili ta sayarwa ce, a kan ɗan farashin da hukuma ta riga ta yanke. Da an gama, mai so ya ajiye kuɗinsa. In masu so sun yi yawa a jefa ƙuri'a. Mai mota ba shi da ikon cewa albarka, in ya ƙi sallamawa lasisinsa na tsere ne zai tafi. Ka kwana uku a gareji kana zuba dukiya a cikin inji in ka ga dama, da yamma maƙwabcinka zai ja shi gida a farashin tsohuwar mota. Ba sai an auna ba, ba sai an rantse ba, aljihunka ne zai tsare maka gaskiya. Ko babbar gasar babura ta duniya, MotoGP, ta gwada irin wannan a 2012, inda aka ba da damar karɓe injin wasu ƙananan ƙungiyoyi haɗe da giyarsa a kan yuro 20,000.

Amurkawa sun ƙara mata gishiri. Tun 2006 suke yin wani tsere mai suna 24 Hours of Lemons, wanda kada kuɗin mota ya wuce dala 500, ban da kayan kariya irin su birki da taya. Alƙalai su sa rigunan shari'a su zagaya mota suna leƙe-leƙe, duk dala 10 da suka yi zargin ka ƙara su zare maka zagaye ɗaya. An kuma yarda a ba su toshiyar baki a bainar jama'a, abinci ko abin sha ko wani tarkace, su kuma su buga wa motar tambarin fenti cewa mai ita ya bayar. Wannan fanni ne da ba ma buƙatar a turo mana masu horarwa. Tambarin ne kawai sabon abu.

Idan aka kawo dokar ciniki Birnin Kudu, rigimar cokali biyar za ta mutu a yini guda. Babu mai ɗaura sabon 150 alhali ya san wanda ya zo na bakwai zai iya tafiya da shi a farashin tsohon 125. Sai dai akwai cikas. Mutanen Finlan sun ɗauka wanda ya hau abin hawa shi ne mai shi. Baburan da ke tsere a nan kuwa akwai na Yaya, wanda aka ara da sunan za a je kemis sayo magani. Akwai na Alhaji, wanda ake kai masa balas kowace yamma. Akwai na bashi da ba a gama biya ba, akwai kuma na Baba, wanda yake barcin rana bai ma san an fita da shi ba. Wanda ya ci tsere da irin wannan aka ce ya sallama, shari'a ta bar hannun alƙalan tsere ke nan ta koma zauren mai unguwa, inda ba a san aji ba.

"Ranka ya daɗe, wallahi 125 ne."

"Ban tambaye ka lambarsa ba, ɗana. Na wa ne?"

Tun daga 29 ga Mayun 2023, ranar da aka ce tallafin mai ya tafi, sai wani sabon babi ya buɗe wanda littattafan waje ba su yi tsammani ba. Yanzu mai babbar mota yakan shiga gareji yana tambayar ko za a iya ɗaura mata ƙaramin inji mai silinda huɗu. Dokar tsere ba ta da tausayi a nan. Inji dai ba na kamfani ba ne, don haka bawan Allah da ya rage wa motarsa ƙarfi saboda tsadar fetur za a ɗaga shi zuwa ajin masu gyara, ya je ya kara da dodanni. Samari kuwa sun ɓullo da gasar wanda zai kashe inji a gangara ya fi nisa. A wannan 125 da 150 daidai suke, kuma har yanzu ba a sami ƙorafi ba.

Saura dokar hanya, wadda ita ce a rubuce. Gwamnati ba ta damu da cokali biyar ba. Abin da ya dame ta shi ne lambar da ke jikin inji ta zo ɗaya da ta takarda. Wanda ya sauya inji ana so ya sanar da ofishin lasisi a gyara masa takardunsa, ya kuma riƙe rasit ɗin inda ya saya, domin baburan sata gunduwa-gunduwa ake sayar da su, kuma injin da ba shi da rasit yakan kai mutum inda za a ce ya cire takalmi da bel. A shingen bincike ba a karɓar hujjar ƙane.

Kundin ƙa'idojin hanya na hukumar kiyaye haɗurra, FRSC, wadda aka kafa a 1988, ya yanke wa babur gudun kilomita 50 a sa'a, a cikin gari da kan babbar hanya. Ko Boxer mai 100 yana wuce wannan ba tare da ya yi gumi ba. Ke nan a idon hukuma na ɗaya shi ne wanda ya fi kowa laifi, na ƙarshe kuma shi ya fi kusa da zama ɗan ƙasa nagari. A tseren da ke da littafi, kafin a leƙa inji sai an dubi hular kwano. Mu kuwa da aka fara tilasta sa ta ranar 1 ga Janairun 2009, an sami 'yan acaɓa da suka kifa ƙwarya a kai suka ɗaure da igiya, har labarin ya zaga duniya. Ƙwarya ba ta cikin jerin hulunan da FIA ta amince da su. Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Birnin Kudu tana karɓar kowane aji ta ƙofa ɗaya, haka ma mai ɗori a ƙauye, karayar 125 da ta 150 kara iri ɗaya yake ɗaure su da shi.

To ga hukunci. Wanda ya ɗaura 150 ya faɗa tun kafin a tashi ya ci, amma a ajin 150, inda shi kaɗai ne, don haka shi ne kuma na ƙarshe. Wanda ya ɗaura ya ɓoye an soke nasararsa, ta koma ga na biyu, da sharaɗin na biyun ya yarda a kwance nasa injin a gaban jama'a. Yawanci a daidai nan ne na biyu yake tuna cewa ana jiransa a gida. Kai kuma mai karatu, in ka sayi inji ka karɓi rasit, kuma ka tsaya a rubuta lambar a jiki kafin ka bar shagon.